Aikin bin diddigin amana a ƙungiyoyin sa-kai: me ake yi da hannu, ta ina ake shiga?

Sabon Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga manyanmu ce da suka san harkar ƙungiyoyin sa-kai ciki da bai. Ana cewa akwai sana'a guda ta tabbatar da cewa ƙungiya ta riƙe amanar abin da aka damƙa mata, kuma za ta iya ba da ba'asi a kansa ranar da aka tambaya. Ana kuma haɗa ta da aikin tallafa wa kasuwancin da aka kafa don amfanin al'umma, ba don riba zalla ba. Idan mutum ya duba tallan gurbin aiki, manyan kalmomi kawai zai tarar: gaskiya, riƙon amana, tasiri. Babu mai faɗin abin da za ka zauna ka yi idan ka shiga ofis da safe.

To me ake yi a zahiri? Wane karatu ake buƙata? Waɗannan ayyuka biyu ɗaya ne, ko kowanne da hanyarsa? Kuma wane kuskure ne ya fi kayar da sabon shiga? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Odita ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, sunan ne ɗaya, amma aikin reshe uku ne: bin kuɗi, tantance sakamako, da sauraron mutanen da aka ce don su ake aikin. Da wuya ka ga wanda ya ƙware a duka ukun. Zan ɗauki na kuɗi, masu sauran su zo su cike.

Abu na farko da za ka sa a ranka shi ne kuɗin ƙungiya ba kamar na kamfani ba ne. A kamfani, kuɗi kuɗi ne. A ƙungiya akwai kuɗi mai sharaɗi, wanda mai bayarwa ya ce na aiki kaza ne kaɗai, akwai kuma marar sharaɗi, wanda shugabanni za su sarrafa yadda suka ga ya dace. Yawancin ƙungiyoyin da suka shiga uku ba sata ce ta fara kayar da su ba. Aro ne. Tallafin wani aiki ya makara, albashi ya zo, sai a ɗiba daga kuɗin wani aikin da niyyar mayarwa. Wata mai zuwa a sake. Ranar rufe aikin da aka ɗiba daga ciki sai a tarar da rami.

Gwajin da ke tona wannan bai kai minti talatin ba. Kowane tallafi yana da lambarsa a littafin kuɗi. Ƙarshen wata ka fitar da ragowar kowanne, ka haɗa, ka gwada da abin da ke banki. A ce littafi ya nuna saura 40 a aiki na farko, 35 a na biyu, 25 a na uku, jimla 100, amma banki 70 ya nuna, kuma babu kuɗin da aka ba ma'aikata su je su kashe da zai cike giɓin. To 30 ɗin nan sun tafi wani wuri, aikinka ne ka gano ina.

Na biyu, raba hannu. Mai neman a saya, mai amincewa, mai biya, mai rubutawa a littafi, kada ya zama mutum ɗaya. Wanda ke daidaita littafi da takardar banki kowane wata kada ya kasance cikin masu sa hannu a asusun. Za ka ji ƙaramar ƙungiya ta ce ai mu uku ne kacal, ta yaya za mu raba? Amsar ita ce ma'ajin kwamitin amintattu ya riƙa samun takardar banki kai tsaye daga bankin, ba ta hannun akanta ba. Takardar da ta bi ta hannun wanda ake bincika, ana iya gyara ta a kwamfuta cikin 'yan mintoci.

Sayayya ce kasuwar ɓarna. Kafin a biya ɗan kwangila takardu uku za su yi daidai da juna: takardar odar kaya, takardar shaidar karɓar kaya daga mai sito, da takardar neman biya. Adadi ɗaya, farashi ɗaya, kaya iri ɗaya. Dokar nan ta a nemo farashi daga wurare uku kuwa, ita aka fi yi wa wasa. Mutum ɗaya ne zai kawo takardun kamfani uku. Yadda ake gane su: ka shimfiɗa ukun a tebur gefe da gefe. Rubutun hannu ɗaya, kuskuren rubutu ɗaya a kalma ɗaya, lambar waya da ta bambanta da lamba guda, ko hatimi biyu da tawadarsu ta dushe a gefe guda. Sannan ka duba lambar rasit. Shagon da ya ba ka rasit mai lamba 0141 a watan Maris, ya ba ka 0142 a watan Yuni, ba shi da abokin ciniki sai kai, wato ba shago ba ne.

Akwai kuma sara sayayya gunduwa-gunduwa. Idan ƙa'ida ta ce daga 500 zuwa sama sai an kira kwamiti, ka jera duk biyan shekara daga ƙarami zuwa babba, ka ga ko sun taru a 480, 490, 495. Idan sun yi cincirindo a nan, wani ya san inda layin yake yana tsayawa a bakinsa.

Sauran wuraren zan ambata a gurguje. Kuɗin tafiya da ake ba ma'aikaci kafin aiki: a sa wa'adin kawo rasit, a ce kwana 14, kuma ba a ba da sabo sai an rufe tsoho. Takardar halartar bita: ka ɗauki sunaye goma ko sha biyar ka kira su da kanka, ka tambayi kwana nawa aka yi, nawa aka ba su. Albashi: ka nemi lambar asusu da ta maimaitu a sunaye biyu, nan ma'aikatan bogi suke kwana. Sai rabon albashi tsakanin masu tallafi: ma'aikaci ɗaya an caji wannan kashi 60 na albashinsa, an caji wancan ma kashi 60. Kowane mai tallafi rahotonsa kawai yake gani, ba wanda ya ga 120 sai mai haɗa su wuri ɗaya.

Donald Cressey ya bayyana tun 1953 cewa mai cin amana abu uku ke haɗuwa masa: matsi, dama, da uzurin da yake ba kansa. Matsin mutum da zuciyarsa ba a hannunka suke ba. Damar ce taka, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada kuma ka ɗauka rahoton odita na waje mai tsabta yana nufin babu ɓarna. Shi abin da yake cewa, lissafin bai kauce wa gaskiya da yawan da zai ruɗi mai karatu ba. Rahotannin ƙungiyar masu binciken zamba ta ACFE sun daɗe suna nuna cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na zambar da aka gano, tsegumin wani ne ya tona ta, binciken odita na waje kuwa bai kai kashi 5 ba. Idan kana son sanin lafiyar ƙungiya, nemi wasiƙar da oditan ya rubuta wa shugabanni kan raunin da ya gani. Ka gwada ta bana da ta bara. Abin da ya maimaitu shekara uku ba mantuwa ba ce.

Yaya Mai Sa-ido ta rubuta:

Malam Odita ya yi bayani, Allah ya ƙara basira. Amma ina da ja a wuri ɗaya, kada yaron nan ya tashi da tunanin amana a rasit take. Ana iya samun ƙungiyar da kowane rasit nata daidai yake, ba a ci ko ƙwandala ba, aikin kuma bai amfani kowa ba. Wannan ma cin amana ne, sai dai ba a kai mutum kotu a kansa.

Ƙanena, a reshenmu tambaya biyu ce: abin da aka rubuta a rahoto ya faru? Idan ya faru, ya canja wani abu?

Ka fara da bambanta abin da aka yi da abin da ya haifar. An horar da mutum 300, wannan abin da aka yi ne. Nawa ne cikinsu ke aiki da abin da suka koya bayan wata shida, wannan ne sakamako. An haƙa rijiya 20, to nawa ke ba da ruwa bayan shekara biyu? Ƙungiyoyi sun fi son ƙidayar farko saboda tana hannunsu kuma ba ta ba da kunya. Jadawalin tsara aiki da kusan kowane mai tallafi ke nema, wanda aka ƙirƙiro wa hukumar agajin ƙasashen waje ta Amurka, USAID, a 1969, don raba waɗannan matakai aka yi shi. Yau da yawa cike shi ake yi don a samu kuɗi, a jefa a durowa.

Kowane ma'auni sai an rubuta masa ma'ana kafin a fara aiki. Idan an ce "waɗanda suka amfana", wa ake nufi? Wanda ya zo sau ɗaya? Wanda ya kammala? Shi kaɗai ko da iyalinsa? Idan ba a rubuta ba, wannan jami'i zai ƙidaya mutum, wancan ya ƙidaya gida ya ninka da shida, a haɗa su a kira jimla. Haka nan mace ɗaya da ta je bita uku sai ta zama mata uku. Maganinsa kowane mutum ya samu lamba guda da ke binsa a duk ayyukan ƙungiyar.

Aikin da za ka fi yi shi ne bin lamba a baibai. Ka ɗauki adadi ɗaya a rahoton da aka aika wa mai tallafi, a ce 1,240. Ka koma ga taƙaitawar wata-wata, ka ga ko sun haɗu sun ba da 1,240. Ka koma ga rajistar da aka cike da hannu a wurin aiki, ka ƙidaya da yatsa. Daga rajistar ka zaɓi sunaye da kanka, ba jami'in wurin zai zaɓa maka ba, ka je ka same su. Idan ka bar masa zaɓi, gidan da aka saba kai baƙi zai kai ka, wurin mutumin da ya haddace godiya. Bambancin kashi 5 ko ƙasa da haka yawanci kuskuren kwafa ne. Idan ya haura 10, kuma kullum sama yake yi ba ya taɓa yin ƙasa, to ba kuskure ba ne.

Kuma idan ba a auna yadda abubuwa suke kafin a fara ba, babu abin da za a gwada da shi a ƙarshe. Wannan awon farko shi ake yawan tsallakewa saboda gaggawa, daga baya a zo ana tambayar mutane su tuna yadda suke shekara uku da suka wuce. Masu tantance ayyuka suna bin ma'aunan DAC, kwamitin masu ba da tallafin raya ƙasa na ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD: dacewa, cimma buri, tattali, tasiri, ɗorewa, sai na shida da aka ƙara a 2019, wato jituwa da sauran ayyukan da ake yi a wurin. Ka san su, za a tambaye ka a ganawar ɗaukar aiki.

Yanzu reshe na uku, wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙungiya tana rawar jiki wajen ba mai kuɗi ba'asi domin zai iya rufe famfo. Wanda ake yi wa aikin ba shi da abin da zai rufe. Don cike wannan giɓi aka fito da CHS, ma'aunin inganci da riƙon amana a aikin jinƙai, a 2014, mai alkawura tara, aka sabunta shi a 2024, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne mutane su iya kai ƙorafi cikin aminci a kuma saurare su.

A aikace ga yadda yake. Hanyar ƙorafi ta wuce ɗaya: akwati, lambar waya, da mutum da za a iya samu ido da ido, ciki har da mace, domin akwai maganar da mace ba za ta faɗa wa namiji ba. Akwati shi kaɗai bai yi wa wanda bai iya rubutu ba komai. Kada a kafe shi a ƙofar ofishin wanda za a yi ƙara, kada kuma makullin ya zauna a aljihunsa. Mutum biyu ke buɗewa tare. Kowane ƙorafi ya shiga rajista da lamba, da ranar karɓa, da ranar amsa. Ƙorafin da ya shafi lalata ko neman wani abu kafin a sa sunan mutum a jerin masu karɓa, ba ya shiga rajistar kowa da kowa, hanyarsa daban ce, mutum biyu ko uku ne kawai za su san sunan mai shi. Sakaci da sunan nan yana iya jefa mai ƙara cikin haɗarin da ya fi wanda ya kawo.

Idan ƙungiya ta yi maka alfahari cewa shekara guda ba ta samu ƙorafi ko ɗaya ba, rubuta a littafinka cewa hanyar ƙorafinta ta mutu. Ba a raba kaya ga mutum dubu a rasa wanda ransa ya ɓaci.

Sabon Shiga ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam da Yaya. Yanzu na ga inda aka dosa. Saura ɓangaren kasuwancin. Idan kamfani ne mai saye da sayarwa, me mai irin wannan aiki zai yi masa? Ba akanta na kasuwa kawai yake buƙata ba?

Mai Duba Jari ya rubuta:

Ɗan'uwa, akanta yana buƙata, amma bai isa ba, domin irin wannan kasuwanci taura biyu yake taunawa: dole ya ci da kansa daga ciniki, dole kuma ya amfani mutanen da aka kafa shi dominsu. Mai tallafa masa aikinsa shi ne ya hana ɗaya cinye ɗaya.

Sunan ba shi da ma'ana guda a dokokin duniya. Birtaniya ta fito da nau'in kamfani na musamman a 2005, mai suna CIC, wanda kadarorinsa a kulle suke don amfanin al'umma, kuma abin da za a raba wa masu hannun jari ba zai wuce kashi 35 cikin 100 na ribar da ake iya rabawa ba. A Amurka jihar Maryland ce ta fara dokar kamfanin amfanin jama'a a 2010. Shaidar B Corp kuwa, da ake ba kamfanin da ke kula da amfanin jama'a da muhalli, ba rajistar gwamnati ba ce, takardar tantancewa ce daga ƙungiyar B Lab, mutane suna yawan haɗa ta da waccan doka. A ƙasashe da yawa babu nau'i na musamman, sai mutum ya zaɓi kamfani, ko ƙungiya, ko ya yi duka biyun. Don haka karanta takardar kafuwa kafin komai: wa ya mallaka, ina riba ke zuwa, wa zai gaji kadara idan an rufe.

Aikin farko kullum shi ne lissafin abu guda. Ɗauki mai sayar da fitilar hasken rana bashi. Sayen fitila 60, sufuri da ladan dillali 15, gyara da musanya 5, jimla 80. Yana sayarwa 100, ana biyan 10 duk wata. A takarda riba 20. Yanzu cire tallafin da ya samu daga lissafin gaba ɗaya, domin da yawa suna zuba tallafi cikin kuɗin ciniki su ce kasuwa na tafiya. Sannan tambayi nawa ke dawowa a gaske. Idan kashi 25 na bashin ba ya dawowa, 75 yake karɓa a kan abin da ya ci masa 80. Kowace fitila asarar 5 ce, kuma ƙara yawan ciniki ƙara zurfin rami ne.

Ko da kowa na biya, akwai tarko na biyu. Ya fitar da 80 yau, sai bayan wata takwas uwar kuɗinsa za ta dawo. Idan ciniki ya ninka, kuɗin da ke waje ya ninka, aljihu ya bushe alhali littafi na nuna riba. Kasuwanci da yawa a lokacin bunƙasa suke mutuwa saboda wannan. Shi ya sa ake sa su rubuta hasashen shiga da fitar tsabar kuɗi na mako 13, ana sabuntawa duk mako, da jadawalin basussuka gwargwadon daɗewarsu: kwana 30, 60, 90. Bashin da ya wuce 90 ka ɗauke shi rabin matacce.

Daga nan ne za ka san irin kuɗin da ya dace da shi. Gwajin sabon abu da ba a san ko zai karɓu ba, tallafi yake so, ba bashi ba. Sayen kayan da an riga an san suna tafiya, bashi ya dace. Hannun jari sai wanda zai girma sosai, domin mai zuba shi zai so ya fita da riba wata rana. Babban ganganci shi ne cin bashi da dala ana ciniki da kuɗin gida. Kuɗin gida ya faɗi, bashin ya kumbura ba tare da an ƙara aron komai ba.

Ɗaya taurar ita ce manufa. Ba a wayi gari an watsar da ita, zamewa take yi a hankali. Talaka yana da tsadar kaiwa, yana saye kaɗan, yana nesa. Mai ɗan hali yana kusa, yana biya a kan kari. Kowane manajan ciniki mai hankali zai karkata can, bayan shekara uku kamfani na nan, sunan na nan, abokan cinikin sun canja. Harkar ƙananan basussuka ta ga wannan. Bankin Grameen da Muhammad Yunus sun samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2006, amma da bankin ƙananan basussuka Compartamos na Meziko ya sayar da hannun jari a kasuwa a 2007, SKS na Indiya ya bi a 2010, muhawara ta ɓarke kan yawan kuɗin ruwa da ribar da ake ci a kan talakawa, Yunus kansa yana cikin masu suka. A 2010 ɗin ne rikicin bashi ya tashi a jihar Andhra Pradesh har gwamnatin jihar ta taka wa harkar birki. Bincike shida da aka wallafa tare a 2015 kuma sun nuna amfanin ƙananan basussuka matsakaici ne, bai kai yadda aka yi ta kururutawa ba.

Don haka ka auna waye abokin ciniki, kowace shekara, da ma'auni ɗaya. Akwai PPI, tambayoyi goma masu sauƙi kan gida da abin da aka mallaka, da ke nuna yiwuwar mutum na ƙasa da layin talauci. Akwai kundin ma'aunai na IRIS+ da GIIN, cibiyar masu zuba jari don amfanin al'umma, ke kula da shi, wanda masu zuba jari suka sani. Zaɓi uku ko huɗu, kada ka ɗora wa kamfani mai ma'aikata takwas ma'auni arba'in. Lissafin nan na cewa kowane 1 da aka zuba ya haifar da amfanin 7 kuwa, ka yi hattara da shi. Tambayi ko an cire abin da zai faru ko babu kamfanin, da rabon wasu da suka taimaka, da raguwar amfanin bayan shekaru. Galibi idan an cire, bakwai ɗin ta sauko sosai.

Wuri ɗaya da aikina da na Malam Odita suke haɗuwa: ƙungiyar da ta buɗe reshen kasuwanci. Littafi biyu, asusu biyu. Idan ma'aikacin ƙungiya na yi wa reshen aiki, ko reshen na zaune a ginin ƙungiya, a rubuta kuɗin a caje shi. In ba haka ba kuɗin masu tallafi ne ke ciyar da shi a ɓoye, ana tafa masa cewa yana riba.

Guraben aikin suna cibiyoyin renon kasuwanci, asusun zuba jari irin Acumen da aka kafa a 2001, cibiyoyi irin Ashoka da Bill Drayton ya kafa a 1980, da gidauniyoyi. Sun fi son wanda ya taɓa riƙe lissafin kasuwa na gaske.

Tsohon Odita ya rubuta:

Yaya, na karɓi gyara, rasit ba ya shayar da kowa ruwa. Bari in amsa maganar karatu da ta rage.

Reshen kuɗi yana son ilimin akanta, sannan ɗaya daga takardun ƙwarewa: ACCA ko makamanciyarta, CIA ga mai binciken cikin gida, CFE ga mai binciken zamba. Reshen Yaya yana son ƙididdiga da iya tsara tambayoyi, da manhajar tattara bayanai irin KoboToolbox. Dukansu suna son Excel sosai, ba na ado ba: tace bayanai, gano maimaici, haɗa jadawali biyu.

Ba sai an ɗauke ka aiki za ka fara koyo ba. Takardar Form 990, rahoton kuɗi na shekara da ƙungiyoyin Amurka ke cike wa hukumar haraji, a buɗe take ga kowa, haka lissafin da ke rajistar hukumar kula da ƙungiyoyin agaji ta Ingila da Wales, haka bayanan da ake wallafawa ƙarƙashin IATI, tsarin bayyana kuɗin agaji a fili da aka ƙaddamar a Accra a 2008. Sauke lissafin ƙungiya biyar. A kowace ka fitar da abu uku: wata nawa za ta rayu da ajiyarta marar sharaɗi idan tallafi ya tsaya (ana yawan son wata uku zuwa shida), kashi nawa na kuɗinta ke fitowa daga mai bayarwa guda, da abin da bayanan ƙarshen lissafi suka ce kan ciniki da 'yan kwamiti ko danginsu. Kada ka auna ta da ƙanƙantar kuɗin gudanarwa. A 2013 cibiyoyi uku na Amurka masu bibiyar ƙungiyoyin agaji, GuideStar da Charity Navigator da BBB Wise Giving Alliance, sun fitar da wasiƙa tare suna gargaɗi kan wannan awo. Ƙungiyar da ta matse kuɗin ofis har ta kasa ɗaukar akanta nagari, ita ce ke fara zubar da kuɗi.

Kuskuren sabon shiga kuwa, gaggawar zargi. Ka ga rasit mai wari, jini ya hau, ka tunkari mutum. Ka ba shi kwana guda ke nan ya gyara fayil, in kuma ba shi da laifi ka yi maƙiyi a banza. Yi kwafin takardun tukuna, rubuta inda ka same su da rana, asalin a kulle su wurin da shi ba ya kaiwa. A rahoto kada ka rubuta "ya ci kuɗi". Rubuta abin da ka gani, abin da ƙa'ida ta ce, dalilin saɓanin, abin da ya jawo, da gyaran da kake ba da shawara, da sunan muƙamin da zai yi da ranar gamawa. Hukunci na kwamiti ne.

Kafin ka karɓi kowane gurbi, tambayi wa za ka riƙa kai wa rahoto. Idan shugaban gudanarwa ne kaɗai, kuma shi ke sa hannu a ƙarin albashinka, ranar da binciken ya biyo ta ofishinsa ba ka da inda za ka kai. Nemi a rubuta a takardar ɗaukarka cewa kana da hanya kai tsaye zuwa kwamitin bincike na amintattu, kana ganawa da su aƙalla sau biyu a shekara ba tare da shugaban yana ɗakin ba, kuma ba a sallamarka sai da saninsu.

Yaya Mai Sa-ido ta rubuta:

Ƙari ɗaya a kan wannan, Malam. Ya tambayi kuɗin zuwa wuraren aiki ma, ko yana da layinsa a kasafi. Idan motar da zai hau da ranar da zai tafi duk a hannun manajan aikin da zai duba suke, za a yi ta ce masa mota ta lalace har wa'adin rahoto ya wuce.